Jirgin Ratsa Zamani da Darasin Dangana a Doctor Who

Duk wanda ya taɓa rasa wani nasa ya san nauyin kalmar "da". Da na zo da wuri, da na hana shi fita, da an kai ta asibiti tun da dare. Masu iya magana sun ce da na sani ƙeya ce, domin kullum a baya take. Shirin talabijin na Birtaniya mai suna Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba 1963, ya bai wa jaruminsa abin da kowane mai juyayi ke mafarki. Dakta, baƙo daga wata duniya, yana da jirgi mai suna TARDIS da ke kai shi jiya ko gobe yadda ya ga dama. A ganina, shirin ya fi ratsa zuciya a wuraren da mutuwa ta tabbata duk da wannan jirgi, har ƴan wasan suka koyi dangana, wato barin abin da ya wuce ya wuce bayan an ji zafinsa.

Mu fara da 1982. A labarin Earthshock, Adric, matashin abokin tafiyar Dakta, ya hallaka cikin wani jirgin dakon kaya da ya faɗo wa duniya shekara miliyan 65 da suka wuce. An rufe shirin ba kiɗa, sunaye na wucewa a kan hoton lambar yabonsa ta lissafi da ta farfashe. Wannan shirun ya yi aikin makoki. Sai dai a labarin da ya biyo baya, da Tegan da Nyssa suka roƙi Dakta ya koma ya cece shi, ya ƙi, nan da nan kuma aka shiga wata sabgar. An hana komawa baya, amma ba a bar kowa ya yi alhini ba. Rufe zance da gaggawa irin wannan bai kai a kira shi dangana ba.

Labarin Father's Day na 2005, wanda Paul Cornell ya rubuta, shi ya cike wannan giɓi. Mahaifin Rose Tyler ya rasu a haɗarin mota a 1987 tana jaririya. Ta roƙi Dakta ya kai ta wannan rana don kada uban ya cika shi kaɗai a bakin titi. Karo na farko ta kasa ƙarasawa gare shi. Karo na biyu zuciya ta ɗebe ta, ta ture shi daga gaban motar. Ceton nan ya yi wa zamani rauni, wasu dodanni suka fito suna cinye mutane. Daga ƙarshe uban ya gane cewa ransa ne ya jawo masifar, ya fita da ƙafarsa ya tari motar. Rose ta ruga ta durƙusa kusa da shi har ya cika. Ta samu abin da ta fara nema ke nan, kuma shi ne abin da ɗan Adam ke iya yi wa mai barin duniya: ya tsaya tare da shi.

Haka kuma a 2010, Dakta da Amy Pond suka kai mai zane Vincent van Gogh gidan ajiye zane-zane a Paris ta zamaninmu, ya ji da kunnensa irin yabon da ake yi masa. Amy ta ɗauka hakan zai tsawaita rayuwarsa. Da ta koma ta tarar babu abin da ya sauya: ya kashe kansa a 1890 yana da shekara 37. Kukan da ta yi na gaske ne, kuma alherin da suka yi masa bai tashi a banza ba.

Inda nake da ja shi ne 2015. Clara Oswald ta fuskanci ajalinta a tsaye a Face the Raven, ta gargaɗi Dakta kada ya ɗauki fansa. A Heaven Sent ya shafe shekara biliyan huɗu da rabi a tsare, yana naushin wani bango mai tsananin tauri, kwatancen baƙin ciki da ba a cika samun irinsa a talabijin ba. Sai ga Hell Bent, inda ya zaro Clara daga zamani ana saura bugun zuciya ɗaya ta cika, ta ci gaba da yawo cikin nata jirgin.

Masu kare wannan ƙarshe suna da hujja. Shirin na iyali ne, yara na kallo, kuma Steven Moffat, marubucinsa, ya nuna taurin kan Dakta a matsayin laifi, har aka shafe Clara daga tunaninsa. Na yarda an biya farashi. Amma mai kallo da ya zubar da hawaye makonni biyu kafin nan yana iya jin an yi wasa da shi, gobe kuma in wani ya mutu a shirin zai jira ya ga ko za a dawo da shi. Yara ma suna rasa kakanni da iyaye, kuma babu mai dawo musu da su. Labarin Rose ya fi yi musu amfani, domin ya nuna musu cewa ana iya son mutum matuƙa, a yi kuka, a kuma sake shi.

Idan kun zauna kallon irin waɗannan shirye-shirye, ku lura da abin da ƴan wasa ke yi bayan mutuwa ta auku: wa ya yi shiru, wa ya fusata, wa ya nemi juya agogo baya. A nan ake gane ko marubucin ya ɗauki mutuwa da nauyinta.