Kafin Gas Ya Iso Kano, Mu Fara Sanin Halin Wuta

Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun gas na AKK a watan Yunin 2020, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kano ta Kaduna, hirar da ake yi daga Gawuna har masana'antun Bompai ita ce yaushe gas ɗin zai iso. A ganina akwai tambayar da ta kamata ta riga wannan: wa zai kula da wutar da za ta ci shi?

A cikin injin da ke ƙona gas don samar da lantarki, iska na shiga ɗakin ƙuna da gudun da zai iya hure harshen wuta kamar fitila a bakin ƙofa. Saboda haka ake sa mata karkatattun fukafukai su murɗa ta ta zama guguwa. A tsakiyar guguwar matsi yana raguwa, sai zazzafan hayaƙi ya juyo baya ya riƙa kunna sabon gas. Da wannan dabara wutar ke tsayawa wuri guda.

Sai dai wutar ma tana sauya guguwar da ke riƙe da ita. Zafi yana sa iska ta kumbura ninki biyu ko fiye, ta kuma ƙara danƙo, sai ƙananan juye-juyenta su mutu, yayin da kumburin ke haifar da wasu sababbi. Idan bugun zafin wuta ya dace da bugun matsin iska, ɗakin ƙuna yakan ɗauki ruri da girgiza har ƙarfe ya tsage. Masanin Ingila Lord Rayleigh ya bayyana wannan sharaɗi tun 1878.

Nan ne Kano ta shigo. Ana auna ƙarfin waɗannan injuna ne a yanayin digiri 15, alhali zafin Afrilu a nan yakan haura 40, ga kuma ƙurar hunturu. Iska mai zafi ba ta da nauyi, don haka ƙarfin inji yana raguwa, daidaiton wuta yana sauyawa, kuma dole a sake saita shi.

Idan duk saiti sai an ɗauko ƙwararre daga Turai da dala, arhar gas ta tafi. Ya kamata Jami'ar Bayero da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil su kafa ɗakunan gwajin ƙuna tun yanzu, masu masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa su zuba kuɗi, domin su ne za su fara ɗanɗana asara ranar da inji ya tsaya.