Filashi ya ƙi buɗewa? A daina saurin yi masa fomatin

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu a lokacin da ɗalibai ke miƙa kundin kammala karatu ya san wannan yanayi. An soka filashi a kwamfuta, maimakon ya buɗe sai saƙo ya fito cewa sai an yi masa fomatin. Layi ya yi tsawo, mai shago na sauri, sai ya danna. Aikin shekara guda ya tafi ke nan.

A ganinmu, sau da yawa ba na'urar ce ke cinye bayanan mutane ba, gaggawa ce. Wannan saƙo ba ya nufin abin da ke ciki ya ɓace. Kwamfutar tana cewa ne ta kasa karanta tsarin da aka jera bayanan a kai, kuma dalilan hakan suna da yawa.

A fara da mai sauƙi: a sauya kafar USB, a sauya waya, a gwada a wata kwamfutar. Babban ma'ajin da ake jonawa daga waje yana jan wuta fiye da filashi, don haka tsohuwar waya ko kafar da ta saki kan sa ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. A Windows, wani lokaci yana nan lafiya lau, harafi ne kawai ba a ba shi ba. A buɗe Disk Management a ba shi, sai ya bayyana.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen bambancin tsari. Ma'ajin da aka tsara da APFS a kwamfutar Apple, Windows ba ta karanta shi da kanta, kuma tana iya ba ka shawarar ka goge shi. Wanda aka tsara da NTFS kuwa, Mac tana buɗe shi amma ba ta rubutu a kai, sai mutum ya ɗauka ya lalace. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, shi ya sa bidiyon biki ke ƙin shiga filashin da babu komai a ciki. Mai yawo tsakanin na'urori ya zaɓi exFAT, amma tun kafin ya zuba kaya.

Masu wayar Android su lura da kyau. Tun daga Android 6 da ta fito a 2015, wasu wayoyi na ba da damar mayar da memori ya zama ɓangaren ma'ajin cikin waya. Idan an yi haka, wayar kan kulle shi da mabuɗin da ita kaɗai ke da shi. A wata na'urar zai yi kamar ya lalace, alhali ƙalau yake. A mayar da shi inda aka ciro shi.

Sai kuma jabu, wanda laifinsa ba na mai saye ba ne. Ana sayar da filashi da memori da aka yi wa dabara suna nuna girman da ba su da shi. Za su karɓi kaya kamar gaske, sai an zo buɗewa a tarar sun lalace. Manhajar H2testw kyauta ce, tana cika na'urar ta karanta don gano ainihin girmanta. Ya kamata masu shaguna su yarda a gwada a gabansu. Wanda ya ƙi, a tafi gaba.

Idan kuwa an riga an danna, a tsaya nan, kada a ƙara zuba komai. Fomatin na sauri yakan share jerin sunayen ne, sabon abin da aka ɗora shi ke binne tsohon. Manhajoji irin su Recuva da PhotoRec kan iya dawo da wani abu, muddin an ajiye abin da aka ceto a wani wurin daban. Amma babban ma'ajin da ya fara ƙara ƙas-ƙas, a cire shi nan take a kai wa gwani, domin kowace kunnawa na iya ƙara karce faifan da ke cikinsa.