Makaɗan Bayan Yaƙin Hitila Sun Kusa Ƙarewa, Wa Zai Tattara Abin Da Suka Bari?

Sa'ad da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a shekara ta 1945, wanda dattawanmu suke kira Yaƙin Hitila, sojoji suka koma garuruwansu, aka yi ta ɗaure-ɗauren aure, haihuwa ta yawaita a Turai da Amurka yadda ba a saba gani ba. A Amurka kaɗai an haifi yara wajen miliyan 76 daga 1946 zuwa 1964, har Turawa suka laƙaba wa wannan tsara suna, wanda in an juya shi da Hausa sai a ce 'ya'yan ambaliyar haihuwa. Cikin na farkonsu aka sami mawaƙa da 'yan wasa waɗanda sunansu ya game duniya. An haifi Dolly Parton, zabiyar Amurka, ran 19 ga Janairu, 1946. An haifi Sylvester Stallone, wanda yaranmu suka sani da Rambo, ran 6 ga Yuli, 1946. An haifi Freddie Mercury a tsibirin Zanzibar ran 5 ga Satumba na wannan shekara, Elton John kuwa a Ingila ran 25 ga Maris, 1947.

To, mai karatu, ka lura da abu guda. Ga shekara, ga wata, ga rana, babu mai gardama. Me ya kawo haka? Ai wani akawu ne ya zauna a ofis ya rubuta a littafi ran da aka haife su, wani kuma ya adana littafin. Da suka girma suka yi waƙa, wani ya rubuta ran da aka ɗauke ta, da wurin da aka ɗauka, da sunayen waɗanda suka yi kiɗan. Ba su fi namu murya ba, ba su fi su azanci ba. Alƙalami suka fi mu riƙewa.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da tsaransu, ba kuwa ƙanana ba. A 1946 aka haifi Adamu Ɗan Maraya a Bukuru kusa da Jos, maraya mai kuntigi, wanda ya wake karen mota da sauran talakawa, ya rasu cikin watan Yuni, 2015, bayan Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. A 1946 ɗin aka haifi Haruna Uji mai gurmi a Haɗejiya. A 1947 aka haifi Ƙasimu Yero a Zariya, gwanin wasan kwaikwayo, wanda jama'a suka sani cikin Karambana da Magana Jari Ce a talabijin ta Kaduna, ya rasu a 2017. A 1949 aka haifi Sani Aliyu Ɗandawo a Argungu, ya gaji ubansa a kiɗan fada, ya zauna Yawuri, shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge mai amada, 'yar Funtuwa, ta rasu a 2013, amma je ka duba abin da aka rubuta a kanta: waɗansu sun ce 1945 aka haife ta, waɗansu sun ce 1948. Macen da babu gidan biki a Arewa da bai san muryarta ba, ga shi shekara uku cur sun ɓace a tarihinta tun ba a je ko'ina ba.

Wannan tsara tana da wata daraja da babu wadda ta same ta, gabanta ko bayanta. Sun yi koyo irin na da, watau yaro ya bi ubansa ko maigidansa, ya ɗauki ganga, ya yi amshi shekara da shekaru kafin a yarda ya buɗe baki. Sun tarad da su Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata a kan ganiyarsu, sun ji yadda ake yi. Sa'an nan kuma ƙuruciyarsu ta zo daidai da zuwan na'ura. Wanda aka haifa a 1946 yana da shekara 14 aka sami mulkin kai, yana da 16 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, kafin a jima ya shiga kowace kasuwa da kowace tashar mota. Saboda haka su ne suka ɗauko hikimar da aka gada da ka, suka zuba ta cikin faifai da kaset. Waɗanda suka gabace su da yawa sun tafi da waƙoƙinsu kabari, waɗanda suka biyo bayansu kuwa, tun daga fitowar finafinan Kano a 1990, fiyano suka tasar wa, hanyarsu dabam.

Mun kawo wannan magana ne musamman domin ma'aikatan ofis da malaman makaranta na Jega da Aliero da Maiyama, don kuwa a ƙofar gidanku akwai misali wanda ya fi kowane wuyar sha'ani. A Fagada ta ƙasar Maiyama aka yi Alhaji Muhammadu Gambo, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Ya yi tashe zamani ɗaya da waɗannan da muka lissafa, kasakasansa sun zaga ƙasar Hausa har Nijar, daga baya ya bayyana wa jama'a ya bar waƙar ɓarayi, ya rasu cikin watan Agusta, 2016. Ban da shi, akwai makaɗan noma, da na dambe, da na kokawa, da na maƙera, da na mahauta, da zabiyoyi, waɗanda suka yi zamani a garuruwan nan na ƙasar Gwandu, aka ɗauki muryarsu a gidan biki ko a bakin kasuwar Jega, ba su taɓa shiga jarida ba. Ra'ayinmu shi ne a tattara abin da dukansu suka bari, a rubuta, a adana, har da na Gambu, tun masu sanin labarin suna da rai.

Mun san za a ce, “Haba! Yaya za a kashe kuɗin jama'a a kan wanda ya wasa ɓarayi? Ashe ba koya wa yara sata za a yi ba?” Wannan magana tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Sata mugun abu ce, wanda aka taɓa fasa wa rumbu ko aka kore wa shanu ya san zafinta, ba kuwa za mu ce ya ji daɗin a yi wa wanda ya cuce shi kirari ba. Amma fa adanawa dabam, yabawa dabam. Littafin kotun alkali cike yake da sunayen ɓarayi da abin da suka aikata, ba wanda ya taɓa cewa a ƙone shi don kada yara su gani. Malamin asibiti yana ajiye dafi a kwalba, ya rubuta sunansa a jiki, ya sa a kabad ya kulle. Haka ya kamata a yi da irin waɗannan waƙoƙi. A aji a koya wa yara masu gargaɗi da hikima, irin na Ɗan Maraya. Na Gambu a ajiye wa manazarta, waɗanda za su tambaya: me ya sa talakawa suka yi ta sayen kaset ɗin nan? Me suka ji a ciki game da masu hali, da masu shari'a, da masu tsaron dukiyar jama'a? Wanda yake son maganin ciwo ba ya rufe ido ga miki. In kuwa an rubuta tarihin mutumin nan, sai a rubuta shi duka, har da barin da ya yi, don kada a tauye masa haƙƙi. Masana sun riga sun nuna hanya, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan waƙoƙinsa, sama ba ta faɗo ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta shafi malaman makaranta kai tsaye. Hausar da ake koyarwa a aji daidaitacciya ce, wadda aka gina bisa karin Kano, haka kuwa ya dace don a sami hanyar rubutu guda. Amma Hausar yamma, ta masu cewa wanga da biyat da ɗiya, tana da kalmomi da karin magana da salon zance waɗanda babu su a littattafan makaranta. Ina rumbunsu? Bakin makaɗa. Yaron Aliero na yau yana jin Hausar fim fiye da yadda yake jin ta kakansa. In kasakasan nan suka lalace, wani yanki na harshen zai bi su, ba kuwa mai dawo da shi.

Waɗansu kuma za su ce, “Ai duk wahalar banza ce, kome yana cikin waya, kome yana intanet.” Lalle akwai waƙoƙi da yawa a can, mun gode wa waɗanda suka sa su. Amma ku saurara da kyau. Za ku tarar an yanke farkon waƙa, ko ƙarshenta, ko an liƙa mata sunan wani makaɗi dabam, ba shekara, ba sunan gari, ba wanda ya san ko wane ne aka yi wa ita. Waƙar da ba a san mai ita ba, ba a san dalilinta ba, kamar takardar bashi ce da ba suna ba sa hannu. Ga shi kuma shi kansa kaset ba ya jure zafi da ƙura da laima, zarensa yakan manne ko ya tsinke. Kada mu ɗauka manyan gidaje sun adana mana kome. Ko gidan rediyon BBC na Ingila, da duk arzikinsa, ya shafe shirye-shiryensa masu yawa na shekarun 1960 da 1970 don ya sake amfani da zaren, yau yana bin mutane gida gida yana cigiyar kofe. In haka ta faru a London, ina ga akwatin da ke ƙarƙashin gado a ɗakin da yake yoyo?

Aikin nan kuwa ba baƙo ba ne ga ma'aikatan ƙasar nan. Littafin Tatsuniyoyi na Hausa mai juzu'i uku, wanda Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta abin da ke ciki da ajami, da yawa kuwa daga Lardin Sakkwato aka samo. Ba don su ba, da yawancin labarun nan sun bi iska. Malaman En'e na da sun san kowane mai biyan haraji a gunduma da sunansa, sun san shanun da aka biya wa jangali. An rushe En'e a 1976, ƙananan hukumomi suka gaje ta, ku ne kuwa magadan waɗancan malamai. Wanda kakansa ya iya ƙidaya shanu, shi ba zai kasa ƙidaya makaɗa ba.

Ga abin da muke ba da shawara a yi, ba kuwa mai cin kuɗi da yawa ba ne. Da fari, sashen ilmi na kowace ƙaramar hukuma cikin ukun nan ya buɗe littafi guda na makaɗa da mawaƙa da 'yan kama. A rubuta sunan kowa, da garinsu, da sunan ubansa, da wanda ya koya masa, da abin kiɗansa, da iyayen gidansa, da shekarar rasuwarsa. Shekarar haihuwa a kintace ta da abin da dattawa suka tuna, kamar sarautar wane, ko shekarar yunwa kaza, a kuma rubuta cewa kintace ne, a faɗi wanda ya ba da labarin.

Na biyu, a yi shela a kasuwanni da tashoshin mota, duk mai tsohon kaset ko faifai ya kawo aro. Tsofaffin direbobi da masu sayar da kaset na da su ne suka fi kowa ajiya. A juye a kwamfuta, a yi kofe uku, a mayar wa mai abu da abinsa tare da godiya a rubuce. Kofe ɗaya ya zauna a ƙaramar hukuma, ɗaya a kai jami'ar kimiyya da fasaha da Gwamnatin Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006, ɗaya a kai sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ba a zuba ƙwai duka a kwando guda ga mai tafiya kan jaki.

Na uku, kuma shi ya fi gaggawa, malaman Hausa su nemi 'yan amshi da makaɗan da suka bi waɗannan mutane, waɗanda har yanzu suke raye. Su ne suka san wace waƙa aka yi wa wa, a wane gari, saboda me. A zauna da su cikin ladabi, a saurari kaset tare, a rubuta waƙar yadda aka rera ta, kada a gyara ta zuwa Hausar aji. Malami guda in ya rubuta waƙa ɗaya a wata, makarantu ashirin sun tara waƙa 240 a shekara.

Na huɗu, a kiyaye haƙƙin iyali. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta tsare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Saboda haka a nemi iznin magada kafin a buga ko a sayar, in an sami riba a ba su rabonsu. Bai kyautu a ce muryar mutum tana tashi a kowace waya, 'ya'yansa kuwa ba su ga ko anini ba.

Wanda aka haifa a 1946, in yana raye, ya kai shekara 80 a 2026. Yaransu da suka ɗaukar musu ganga su ma furfura ta rufe su. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, sun kuma ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Dattawan nan suna nan zaune a ƙofar gidajensu a Fagada da Jega da Aliero, ba su ƙi a tambaye su ba, mai tambayar ne ba su gani ba. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai su ba da umurni, malamai su ɗauki alƙalami da takarda tun cikin hutun nan mai zuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya gafarta musu kurakuransu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bari, amin.