Wasannin da suka iso bayan kasuwa ta watse

Duk wanda aka tambaya game da Sega Mega Drive, na'urar wasan bidiyon da ta fito a Japan a 1988, Sonic zai fara ambata. Amma wasu daga cikin wasanninta mafi inganci sai a 1995 suka fito, lokacin da hankalin jama'a ya riga ya koma kan Saturn da PlayStation, waɗanda suka shiga kasuwar Japan a ƙarshen 1994. An yi amarya, aka manta da uwargida.

Ristar na cikinsu: ɗan tauraro ne mai hannuwa masu miƙewa, da su yake cafko abokan gaba, da su yake lilo ya haye tudu. Comix Zone kuwa ya jefa wani mai zane, Sketch Turner, cikin labarin da ya zana da hannunsa, mai wasa yana tsallakawa daga wannan hoto zuwa wancan. Alien Soldier na kamfanin Treasure ko a kaset ba a sayar da shi a Amurka ba.

Ingancin nan ba dace aka yi ba. Kusan shekara bakwai masu tsara wasanni suka shafe suna laƙantar na'urar, har suka san yadda za su tatse duk ƙarfinta. Gwanintarsu ta nuna ne daidai lokacin da masu saye suka juya baya.

Saboda haka yawan ciniki ba ya auna kyan aiki. Sau da yawa lokacin fitowa kawai yake nunawa. Sega ta sake fitar da duka ukun a tarin wasanninta na 2018, kuma har yau sun cancanci a ba su damar da suka rasa a 1995.