Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi

Can nesa, kudu maso gabas da ƙasar Indiya, akwai wata babbar ƙasa wadda teku ya kewaye ta ko ta ina. Sunanta Ostiraliya. Yawancin mutanen da ke cikinta yau zuriyar Turawa ne da waɗansu baƙi. Amma tun kafin su zo akwai baƙaƙen mutane a wurin, waɗanda masana suka ce sun fi shekara 50,000 suna zaune a ƙasar. Su ne 'yan asalin ƙasa. Turawa suna kiransu Aborijin.

Sa'ad da jiragen ruwan Ingila suka sauka gaɓar ƙasar cikin shekarar 1788, mutanen nan suna magana da harsuna fiye da 250. Ba su da alƙalami, ba su da takarda. Iliminsu yana cikin waƙoƙi, da tatsuniyoyi, da raye-raye, da zanen da su kan yi a jikin duwatsu da ɓawon itace, da jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Tsoho ya koya wa yaro, yaro ya girma ya koya wa nasa ɗa. Da Turawa suka ƙwace ƙasarsu, suka warwatsa su, sai ilimin nan ya soma ɓacewa. Yau harsunan da yara ke tashi da su sosai a baki ba su kai 20 ba.

An rubuta littattafai da yawa game da mutanen nan. Waɗansu baƙi ne suka rubuta, waɗansu kuwa 'yan asalin ƙasar ne da kansu. Duk wanda ke son ya san su da gaske, ya kamata ya fara da abin da suka faɗa da bakinsu. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ga dalilai.

Dalili na fari shi ne, baƙo makaho ne ko da idanunsa. A dubi zanen mutanen hamadar da ke tsakiyar ƙasar. Baƙo in ya gan shi, abin da zai gani ɗige-ɗige ne da da'irori masu kyaun launi, ya ce ado ne. Mai shi kuwa karanta shi ya ke yi kamar wasiƙa. Da'ira tana iya zama idon ruwa ko zango. Layin da ya haɗa da'ira biyu hanya ce. Alama mai kama da kofaton doki mutum ne zaune a ƙasa, don haka gurbin zamansa ke fita a kan rairayi. A ƙasar da ƙishirwa ke kisa, sanin inda ruwa ya ke ba wasa ba ne. Har wa yau akwai abubuwan da dattawansu ba su yarda a nuna wa kowa ba, baƙo kuwa ba ya sanin iyaka. A shekarar 1976 wani Bature mai suna Charles Mountford ya buga littafi da asiran wata ƙabila a ciki, sai da dattawan ƙabilar suka kai ƙara, alƙali ya hana sayar da shi a yankin arewacin ƙasar.

Dalili na biyu shi ne haƙƙin mai abu. Akwai wani mutum mai suna David Unaipon, ɗan ƙabilar Ngarrindjeri. An haife shi a shekarar 1872 a wani ƙauyen mishan kusa da inda kogin Murray ya shiga teku. Mutum ne mai kaifin hankali da son karatu. Ya yi wa'azi a wurare da yawa, kuma a 1909 ya ƙago wani sabon irin almakashin askin tumaki, ko da ya ke bai ci ribarsa ba. Cikin shekarar 1924 da 1925 ya yi ta yawo yana zama da tsofaffi, yana jin tatsuniyoyi da al'adun mutanensa, yana rubuta su da Turanci. Da ya gama, ya miƙa rubutun ga masu buga littattafai a birnin Sidni. Su kuwa suka sayar wa wani likita Bature, William Ramsay Smith. A 1930 littafi ya fito a Landan da sunan likitan a bangonsa, ba a ambaci Unaipon ko sau ɗaya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Unaipon ya rasu a 1967 yana da shekara 94, bai ga sunansa a kan littafin nan ba. A shekarar nan ce kuma, 'yan watanni bayan rasuwarsa, mutanen Ostiraliya suka jefa ƙuri'a suka yarda a riƙa haɗawa da 'yan asalin ƙasa cikin lissafin yawan jama'a. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Rubutun hannunsa yana nan ajiye a babban ɗakin littattafai na Sidni. Waɗansu malamai biyu suka ɗauko shi, aka buga shi da sunansa a 2001, watau bayan shekara 71. Tun 1995 kuma hotonsa ke kan takardar kuɗin ƙasar ta dala 50. Wanda ya ɗauki labarin mutane ya share sunansu, ya yi musu sata biyu, ya ɗauke abinsu, ya kuma sa duniya ta zaci ba su iya kome ba.

Dalili na uku shi ya fi duka nauyi. Littafi yana gaya wa yaro ko shi wane ne. Shekaru da yawa, har zuwa wajen 1970, hukuma ta kan raba 'ya'yan Aborijin da iyayensu, musamman waɗanda ke da jinin Turawa, ta kai su gidajen reno inda a kan hana su magana da harshensu. Sabo da tsoron haka waɗansu iyaye suka ɓoye asalinsu. Wata mace mai suna Sally Morgan, wadda aka haifa a birnin Perth a 1951, ta ba da labari cewa tana yarinya, in 'yan makaranta suka tambaye ta inda danginta suka fito, uwarta ta kan ce ta gaya musu Indiya. Sai da ta kai wajen shekara 15 ta gane ita jinin 'yan asalin ƙasa ce. Da ta girma ta yi ta lallashin uwarta da kakarta da ɗan'uwan kakarta har suka buɗe baki. Ta tafi arewa ta nemo danginsu. Ta haɗa maganarsu cikin littafi mai suna My Place, watau Wurina, aka buga shi a 1987. Mutane masu ɗimbin yawa suka karanta shi, har ya shiga makarantu. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya tashi a majalisa ya nemi gafarar waɗanda aka raba da iyayensu.

Ƙananan yara ma sun sami rabonsu. Dick Roughsey, ɗan ƙabilar Lardil, mai zane ne. A 1975 ya fitar da littafi mai hotuna a kan Macijin Bakan Gizo, wanda kakanninsu suka ce shi ya ratsa ƙasa yana jan jiki har tuddai da kwazazzabai suka fito. Ɗan makarantar da ya karanta irin wannan ba a ce ya gaskata shi ba. Sanin al'adar mutane daban, binta daban. Abin da zai ƙaru da shi shi ne ya san yadda waɗansu bayin Allah suka dubi ƙasarsu, da yadda suka ƙaunace ta.

Wani zai ce, to, ashe littattafan baƙi ba su da amfani? Suna da shi. Akwai kalmomi da waƙoƙin da ba don wani baƙo ya rubuta su ba, da sun bi tsofaffi kabari. Yau jikoki suna komawa ga irin waɗannan takardu suna farfaɗo da harsunan da suka kusa mutuwa. Baƙon kirki abin godiya ne, muddin ya nemi izini, ya faɗi sunan wanda ya gaya masa, ya kuma bar abin da aka ce ya bari. Amma mataimaki ne. Mai gida shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo.

Sabo da haka yaro mai hankali, in littafi a kan waɗansu mutane ya shigo hannunsa, sai ya fara duba bango. Wa ya rubuta shi? Daga bakin wa ya ji? Sa'an nan ya tuna a gidansu ma akwai tsofaffi masu tatsuniya da waƙar daka da labarin kafuwar gari. Ga shi ya iya rubutu. Littafin rubutu guda da fensir sun isa ya fara. In ya rubuta, kada ya manta ya sa sunan kakar da ta gaya masa.

Tambayoyi

1. Ina 'yan asalin Ostiraliya ke ajiye iliminsu kafin su sami takarda?
2. Me aka yi wa David Unaipon a shekarar 1930?
3. Don me uwar Sally Morgan ta ɓoye asalinsu?
4. Waɗanne abubuwa uku ne baƙon kirki zai yi in zai rubuta labarin mutane?