Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Zaɓen Manhajar Tace Bidiyo

A shekarar 1990 ne ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a nan Kano, wanda masana suke ɗauka a matsayin mafarin kasuwar fina-finan bidiyo na Hausa. A wancan zamani mai tace hoto yakan jona na'urorin kaset guda biyu, ɗaya tana juyawa ɗaya tana naɗa, in kuwa ya yi kuskure a tsakiya, sai ya sake duk abin da ya biyo baya. Da irin wannan wahala aka cika rumfunan Ƙofar Wambai da kaset-kaset. A yau aikin ya koma cikin kwamfuta da wayar hannu, har ta kai yaro a Yakasai ko Mandawari yana iya haɗa fim a zauren gidansu. Tambayar da irin waɗannan matasa suke yawan yi ita ce: wace manhaja ce ta fi kowace? Ni kuwa a ganina tambayar da ta kamata a yi ita ce: wace manhaja ce za ta iya rayuwa a inda nake?

Mu da muke nazarin halittu mun san cewa halitta takan ci nasara ne gwargwadon dacewarta da muhallinta. Doki ya fi raƙumi gudu, amma mai tsallaka sahara raƙumi yake ɗaure wa kaya. Muhallin ƙaramin mai shirya bidiyo a cikin birni kuwa sananne ne: tsohuwar kwamfutar cinya wadda aka sayo ta hannu, wutar lantarki mai zuwa tana tafiya, zafin bazara, ƙurar hunturu, da kuɗin intanet da ake saye da awo.

Domin mai karatu ya fahimci dalilin da ya sa kwamfuta take nishi, sai ya san cewa bidiyo ba kome ba ne illa jerin hotuna tsayayyu, kamar 25 a kowace daƙiƙa, waɗanda ido yake gani tamkar motsi. Hoto guda mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana ɗauke da ɗigo fiye da miliyan 2, kuma in ba a matse shi ba zai ci kusan megabait 6. Ke nan minti ɗaya zai haura gigabait 9. Saboda haka kyamara da waya sukan matse hoton, wato su ajiye cikakken hoto jefi-jefi, a tsakani kuma su rubuta abin da ya sauya kawai. Yayin tacewa dole kwamfuta ta sake gina kowane hoto daga waɗannan guntaye. Wanda ya ɗauki hoto da 4K ya ninka mata wannan aiki sau huɗu, alhali mafi yawan masu kallonsa a waya za su kalla. Don haka abu na farko da za a duba shi ne ko manhaja tana iya yin ƙaramin kwafi mara nauyi wanda za a yi aiki a kansa, sai a ƙarshe ta koma kan na asali. Abu na biyu, ta riƙa ajiye aiki da kanta lokaci-lokaci, saboda ɗaukewar wuta.

Abu na uku shi ne mallaka. Adobe Premiere, wadda ta fito tun 1991, ƙwararriya ce ba shakka, sai dai tun 2013 kamfanin ya daina sayar da sababbin fitowarta, ya koma karɓar kuɗin haya. Ranar da mutum ya kasa biya, ƙofar ta rufe, ga kuma faɗuwar darajar naira tun 2023. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara. Final Cut Pro kuwa ba ta aiki sai a na'urorin Apple. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design tana da nau'in kyauta mai ƙarfi ƙwarai, musamman wajen gyaran launi, amma tana neman kwamfuta mai ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 16 da kati mai kyau na sarrafa hoto. CapCut ta kamfanin ByteDance tana da sauƙi ga mai waya, sai dai wasu abubuwanta na biya ne, wasu kuma ba sa tafiya sai da intanet. Akwai kuma Kdenlive da Shotcut, waɗanda masu aikin sa kai suka rubuta, kyauta ne, ba haya, ba wa'adi, kuma suna tafiya a kan kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi. Ga ɗalibi ko mai ɗaukar biki ko ƙaramin mai shirin ilmantarwa, waɗannan biyun nake ba da shawara a fara da su, in ƙarfin na'ura ya ƙaru a haura zuwa DaVinci Resolve.

Na san za a ce araha ba ta ado, kuma wanda yake son aiki a manyan kamfanoni dole ya iya abin da suke amfani da shi. Akwai gaskiya a nan. Amma sanin inda za a yanke hoto, da daidaita murya, da jera labari, ilmi ne da yake bin mutum duk manhajar da ya koma, kamar yadda maɗinki ba ya mance ɗinki don an sauya masa keke.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne manhajar sata. Wasu ɗalibaina sun shafe makonni suna ɗaukar hoton kududdufan cikin birni, domin nuna wa yara yadda ƙananan dodon koɗi suke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. Wani ya zuba musu fasasshiyar manhaja a kasuwa, ashe da mugun shiri a cikinta, suka wayi gari duk aikin ya kulle, ba su kuma da wani kwafi. Ban da wannan hatsari, akwai abin kunya. Masu fim a Kano sun daɗe suna kukan satar fasaha ta karya musu kasuwa, to ta yaya mai wannan kuka zai gina sana'arsa a kan fasahar da aka sato?

Saura gwaji ɗaya wanda ba a cika tunawa da shi ba. Kafin ka amince da manhaja, rubuta ƙasa da ɗaki da ɓera a cikinta, ka fitar da bidiyon, ka duba. In haruffan nan masu lanƙwasa suka koma akwatuna, sai ka sauya salon rubutun, domin wanda ya rubuta kasa a gurbin ƙasa ya faɗi abin da bai yi niyya ba.

Daga ƙarshe, ɗauki bidiyon minti biyar da wayarka, ka tace shi da manhaja biyu ko uku a kan na'urarka, da rana tsaka lokacin zafi, ka riƙe wadda ta kai ka ƙarshe lafiya. Ka kuma ajiye ainihin hotunanka a ma'ajiya biyu dabam-dabam. Allah Ya sa mu dace.