Daga Farm Centre zuwa Gyadi-Gyadi: Yadda rikicin maganaɗisu ya shafi Kano

A ranar 4 ga Afrilun 2025, ƙasar Sin ta ɗora sharaɗin neman lasisi kafin fitar da wasu ma'adanai bakwai masu wuyar tacewa, tare da maganaɗisun da ake ƙerawa da su. Ta ɗauki matakin ne a matsayin martani ga harajin da Shugaba Donald Trump ya ƙaƙaba mata. Cikin 'yan makonni kamfanin Ford ya dakatar da aiki na ɗan lokaci a masana'antarsa ta Chicago saboda ƙarancin maganaɗisu. Sin ce ke tace kusan kashi 90 cikin 100 na waɗannan ma'adanai a duniya.

Ɗan kasuwar waya a Farm Centre da ke Tarauni na iya ɗaukar wannan a matsayin faɗan manya, alhali hajarsa na cikin abin da ake taƙaddama a kai. Lasifikar waya da ɗan injin da ke sa ta kakkarwa duk da maganaɗisun niyodimiyam suke aiki. Idan kayan suka yi ƙaranci a Shenzhen, farashin kan biyo jirgi har Kano, inda faɗuwar darajar naira tun 2023 ta riga ta jigata masu saye.

Tushen darajar kayan yana cikin wani hali na ƙarfe: idan aka ƙanƙanta shi matuƙa, ɗabi'arsa takan sauya. Kaurin gashin kai ya kai nanomita 50,000 zuwa 100,000, amma shafen kobalt da filatinam da ke kan faifan ajiyar kwamfuta ƙwayoyinsa ba su kai nanomita 10 ba. Kowane rukunin ƙwayoyi na fuskantar sama ko ƙasa, kuma da wannan fuskanta ake rubuta takardun ofis da lissafin shago. A 1988 Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano cewa siraran shimfiɗun ƙarfe da aka jera kan juna na sauya yadda lantarki ke ratsa su idan maganaɗisu ya kusanto. Binciken ya ba da damar karanta rubutu mai ƙanƙanta, ya kuma samar musu kyautar Nobel a 2007.

Sai dai ƙanƙantar tana da iyaka. Idan ƙwaya ta cika ƙanƙanta, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya juya ta, bayanin ya goge. Wannan cikas na masu ƙera faifai shi ne alheri ga likitoci: ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu ƙanƙanta ba sa zama maganaɗisu sai an kusanto musu da wani, don haka ba sa manne wa juna a cikin jini.

Nan ne zancen ya iso Gyadi-Gyadi, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi suna wajen kula da masu ciwon ƙoda. Ruwan allurar da ake yawan amfani da shi don fito da hoton MRI sarai yana ɗauke da gadoliniyam, ɗaya daga cikin ma'adanai bakwai da Sin ta taƙaita, kuma likitoci na yin taka-tsantsan da shi ga wanda ƙodarsa ta yi rauni. A 2009 Amurka ta amince da ferumoxytol, maganin ƙarancin jini na ƙwayoyin ƙarfe, wanda wasu likitoci ke amfani da shi a madadin gadoliniyam.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tarkacen haƙar kuza a Filato na ɗauke da monazait, dutsen da ake tatso irin waɗannan ma'adanai daga cikinsa, amma ɗanye ake fitar da shi. A Kano kuwa, tsofaffin faifan kwamfuta na ƙarewa a hannun 'yan gwangwan, a sayar a sikeli da maganaɗisunsu masu tsada, wani lokaci ma da bayanan ofis da ba a goge ba.

Gyara biyu na hannun Kano: ma'aikatu su tsara yadda ake goge faifai kafin gwanjo, ƙungiyar 'yan kasuwar waya kuma ta haɗa kai da masana kimiyyar lissafi da fiziks na Jami'ar Bayero wajen ware maganaɗisu daga tarkace a sayar da shi a farashinsa.